NAIRA DA SEFA: TARIHIN CANJIN KUƊI TSAKANIN NIJERIYA DA NIJAR DA YADDA YA SHAFI KUDANCIN KANO

GABATARWA

Manomin da ya kai buhun masara kasuwa a Ƙafin Maiyaki ba shi da wata hulɗa da bankin Dakar ko baitulmalin Faransa, watakila ma bai taɓa taka iyakar Jibiya ba. Duk da haka, kuɗin da za a ƙirga masa a hannu suna da dangantaka da yadda naira ta kwana a gaban sefa. Dalili kuwa shi ne, hatsin da ake nomawa a ƙasashen Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ba a nan yake tsayawa ba. Daga ƙananan kasuwanni yakan wuce Dawanau, daga Dawanau kuma wani kashi nasa ya nufi Maraɗi da Damagaram. Haka kuma da yawa daga cikin shanu da tumakin da ake saye a wannan yanki daga arewa suke gangarowa, kuma mai su da sefa yake lissafin ribarsa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wannan dangantaka tun daga lokacin da Kano da Maraɗi suke ciniki da kuɗi iri ɗaya, zuwa lokacin da Turawa suka raba musu kuɗi, har ya zuwa shekarar 2024, sa'an nan a duba dalilan da suka sa naira, wadda a da take sayen sefa kusan ɗari huɗu, ta koma ba ta sayen ko da guda ɗaya.

ZAMANIN WURI

Kafin zuwan Turawa babu wata maganar canji tsakanin Kano da Katsina da Gobir da Damagaram, domin wuri shi ne kuɗin kowa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarkin Kano Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Asalinsa kuwa daga tsibiran Maldibis ne, can cikin tekun Indiya. Ana ƙirga shi da hauya, watau ashirin, da zangu, watau ɗari, da zambar, watau dubu, har zuwa keso, wanda yake wuri dubu ashirin ne a cikin jakar kaba.

Amma fa ko a wancan zamani akwai canji iri guda, watau tsakanin wuri da dala. Dala ita ce babbar azurfar nan ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tareza, wadda Larabawa suke kawowa ta hamada. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala ɗaya. Daga tsakiyar ƙarnin nan kuwa sai 'yan kasuwar Jamus suka shiga jibgo wani irin wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ya kwararo ƙasar Hausa, darajarsa ta yi ta raguwa. Kafin ƙarshen ƙarnin, sai ya zamana ladan ɗaukar wuri zuwa gari mai nisa yana cinye babban kashi na abin da aka ɗauka. Wannan shi ne darasi na farko da Bahaushe ya koya a kan kuɗi: idan suka yi yawa, kayan saye kuwa bai ƙaru ba, to darajarsu za ta zube.

Mutanen kudancin Kano sun san wannan darasi sarai, domin Bebeji babban zango ne a kan hanyar Kano zuwa Zazzau, kuma gari ne na Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, mutumin da ya fara kasuwanci a zamanin wuri, ya kuma ƙare a zamanin banki.

SULE DA TAMMA

A farkon watan Fabrairu na 1903 rundunar Ingila da ta taso daga Zariya ta fasa Bebeji, bayan kwana biyu kuma ta ci Kano. Faransawa kuwa tun 1899 suka riga suka kama Damagaram. Yarjejeniyoyin da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su suka shata iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Magarya. Kowace gwamnati ta zo da nata kuɗi, ta kuma nace a biya ta haraji da su. A 1904 aka hana shigowa da wuri Nijeriya, a 1912 kuma aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, wadda ta riƙa buga kuɗi domin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, daidai da darajar fam na Ingila.

Bahaushe ya raɗa wa kowane tsaba suna. Anini goma su ne kwabo, rabin kwabo ɗari, kwabo ɗaya da rabi ahu, kwabo uku taro, shida sisi, tara nai, goma sha biyu sule, sule biyu fataka ko dala, sule ashirin fam, fam ɗari kuwa jaka. A arewacin iyaka, faran ɗaya na Faransa ya zama tamma, azurfar faran biyar kuma, da yake ta yi kama da tsohuwar dala a girma, sai ta gaji sunanta. Shi ya sa har yanzu Bahaushen Nijar da dala yake ƙirge: sefa ɗari dala ashirin ce, sefa dubu kuma dala metan, watau jika guda. Ke nan kalma ɗaya ta rabu gida biyu kamar yadda ƙasa ta rabu. Jakar Kano fam ɗari ce, daga baya ta zama naira ɗari biyu, jikar Maraɗi kuwa sefa dubu ce. Wanda bai san wannan bambanci ba yakan sha mamaki ran da ya fara ciniki a Maigatari.

Haraji da gyaɗa su suka cusa sabon kuɗi cikin ƙauyuka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyarsa kuma ta ratsa ta Ɗangora, manomi ya sami inda zai sayar da gyaɗa ya karɓi sule. Wanda ba shi da gyaɗa yakan tafi aikin kuza a Riruwai ko Jos don ya samo kuɗin haraji. Labari ya shahara cewa a 1929 Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar azurfa kayan raƙumi ashirin banki a Kano, abin da ke nuna yadda tsabar Turawa ta maye gurbin wuri cikin shekara talatin kacal.

HAIHUWAR SEFA DA FAM NA NIJERIYA

Ran 26 ga Disamba, 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta ƙirƙiro wa ƙasashen da take mulki a Afirka kuɗi na daban. Haruffa uku na farkon sunansa da Faransanci su ne Bahaushe ya lanƙwasa ya ce sefa. Da fari sefa ɗaya ta fi faran ɗaya na Faransa: ana ba da faran 1.70 a kanta, a 1948 kuma aka mai da ita faran biyu. A 1960 Faransa ta sake nata kuɗi, tsohon faran ɗari ya zama sabo ɗaya, saboda haka sefa hamsin ta zama daidai da sabon faran ɗaya. Wannan ma'auni bai motsa ba har shekara talatin da huɗu.

A nan ne hanyoyin ƙasashen biyu suka rabu. Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta, 1960, amma ta zauna cikin ƙungiyar masu amfani da sefa, ƙarƙashin babban banki ɗaya, wanda ya koma da hedkwatarsa Dakar a 1978. Sharaɗin kuwa shi ne, baitulmalin Faransa ya lamunce zai canza sefa zuwa faran a kan tsayayyen farashi, su kuma ƙasashen su ajiye babban kashi na kuɗinsu na waje a can, kuma a taƙaita bashin da gwamnati za ta ci daga babban banki. Nijeriya kuwa ta buɗe nata Babban Banki ran 1 ga Yuli, 1959, ta buga nata fam, ta riƙe ragamar kuɗinta da hannunta. A 1962 ta kafa dokar hana fita da kuɗi waje sai da izini.

Yana da kyau a fahimci yadda ake gano canji tsakanin kuɗaɗen nan biyu. Bankuna ba su cika musayar su kai tsaye ba, sai dai a auna kowanne da dalar Amurka, sa'an nan a raba. Alal misali, a 1960 fam ɗaya dalar Amurka 2.80 ne, dalar Amurka ɗaya kuma sefa 247 ce, saboda haka fam ɗaya ya tashi sefa 690 da 'yan kai. A Nuwamba 1967 Ingila ta rage darajar fam ɗinta zuwa dala 2.40, Nijeriya ta ƙi bin ta. A Agusta 1969 Faransa ta rage darajar faran, sefa kuwa dole ta bi uwar ɗakinta. Wannan ya sa fam na Nijeriya ya haura zuwa sefa 777.

NAIRA A GANIYARTA

Ran 1 ga Janairu, 1973, naira ta maye gurbin fam. Sule goma suka zama naira ɗaya, fam ya zama naira biyu, sule kuma kwabo goma. A wannan shekara naira ɗaya tana daidai da dalar Amurka ɗaya da rabi, watau wajen sefa 340. Cikin 'yan watanni farashin man fetur ya ninka sau huɗu a kasuwar duniya, kuɗi suka kwararo wa gwamnati. Zamanin ke nan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, a 1974, aka kuma yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji. Ya zuwa 1980 dalar Amurka kwabo 55 ce, naira kuma ta kai wajen sefa 385. 'Yan ci-rani suka riƙa tuɗaɗowa daga Nijar suna neman naira, domin ladan 'yan watanni a Kano yana sayen abin da noman shekara ba ya saye a gida.

Sai dai wannan ƙarfi na naira yana da ɓoyayyar illa. Da yake kayan waje sun yi araha, shinkafar ƙetare ta fi ta Tudun Wada sauƙin saye, gyaɗa da auduga kuma suka daina biyan wahalar manomi. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda fari da ciwon gyaɗa suka riga suka raunana a tsakiyar shekarun 1970, ba ta sake tashi ba. Bugu da ƙari, farashin nan na gwamnati ba kowa yake samun sa ba, sai mai takardar izinin shigo da kaya. Sauran 'yan kasuwa dole su nemi kuɗin waje ta wata hanya, hanyar da ta fi kusa kuwa ita ce sefa, tun da mai sefa yana iya mai da ita faran ba tare da neman izinin kowa ba. Ta haka ne kasuwar 'yan canji ta bunƙasa a Wapa cikin Fagge, da Jibiya da Illela da Maraɗi. A 1985, lokacin da lissafin gwamnati ya nuna naira ɗaya ta kai wajen sefa 500, ɗan canji ba ya ba da ko rabin haka.

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta kuma rufe iyakokin ƙasa, don nairar da ke jibge a ƙetare ta tashi a banza. Abin ya zo daidai da mummunan fari, hatsin Kano ya daina isa Nijar, har mutanen can suka sa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Ba a buɗe iyaka ba sai a Maris 1986.

FAƊUWA BIYU: 1986 DA 1994

A 1986 farashin man fetur ya karye, bashi ya yi wa Nijeriya katutu. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, a watan Satumba kuma ta fara gwanjon kuɗin waje. A 1985 dalar Amurka ba ta kai naira ɗaya ba. A 1987 ta zama naira huɗu. A 1993 ta kai naira 22. Sefa kuwa tana nan daram a jikin faran. Saboda haka naira ta faɗo daga ɗaruruwan sefa zuwa wajen goma sha uku cikin shekara takwas.

Nan take kasuwa ta juya. Kayan Nijeriya suka yi arha ƙwarai ga mai sefa: hatsi, da takin zamani, da man fetur, da atamfar masaƙun Kano da Kaduna, da robobi da sabulu. Ƙananan masana'antun Maraɗi suka kasa gasa da su. A ɗaya ɓangaren kuma, kayan da Nijeriya ta hana shigowa da su, kamar shinkafa da taba, suna sauka a Kwatano, su hau zuwa Maraɗi, su gangaro Katsina da Kano ta bayan fage. Takardun sefa suka riƙa ficewa ta Nijeriya zuwa Turai da yawan gaske, har a Agusta 1993 babban bankin Dakar ya daina fansar takardun da aka fitar daga yankinsa.

Ran 12 ga Janairu, 1994, aka raba darajar sefa biyu: maimakon sefa hamsin, sai ɗari ta zama faran ɗaya. Dare ɗaya ma'aikacin Yamai ya wayi gari albashinsa ba ya sayen rabin kayan ƙetaren da yake saye jiya. Makiyayin Nijar kuwa ya sami kasuwa, domin shanunsa sun yi sauƙi ga mai naira. Amma ribar da naira ta ci ba ta daɗe ba. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafe dalar Amurka a kan naira 22 daga 1994 zuwa 1998, alhali a kasuwa ta haura tamanin. A wannan farashi na kasuwa, naira ɗaya ba ta wuce sefa shida ba a 1995.

DAGA YURO ZUWA 2024

Ran 1 ga Janairu, 1999, Faransa ta shiga kuɗin bai-ɗaya na Turai, aka ɗaure sefa a jikin yuro a kan 655.957, kuma ba a taɓa wannan adadi ba tun daga ranar. Gyaran da aka sanar a Abijan a Disamba 2019 ya soke sharaɗin ajiya a baitulmalin Faransa ga ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma, amma ya bar ma'aunin yadda yake. Ita kuwa naira tana tafe tana zamewa duk lokacin da mai ya faɗi. Daga Yuni 2016 dalar Amurka ta tashi daga naira 197 zuwa sama da 300 a farashin gwamnati. Wajen ƙarshen 2021 naira da sefa suka yi kunnen doki a hannun 'yan canji. A Yuni 2023 gwamnati ta haɗe farashin canji ta sakar wa kasuwa, a 2024 kuma dalar Amurka ta riƙa yawo a wajen naira 1,500.

Ga kimanin abin da jika ɗaya, watau sefa 1,000, take tashi a kuɗin Nijeriya:

1960: sule 29
1973: naira 3
1980: naira 2 da kwabo 60
1993: naira 78
1995: naira 165 (farashin kasuwa)
2014: naira 320
2021: naira 1,000 (farashin kasuwa, ƙarshen shekara)
2024: naira 2,500

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne hauhawar farashi: a ƙasashen sefa yawanci ba ta wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari a shekara, a Nijeriya kuwa ta daɗe tana haura kashi goma, a 2024 ma ta wuce talatin. Kuɗin da ke rasa ƙarfin saye a gida ba za su riƙe shi a waje ba. Na biyu, kusan dukkan kuɗin waje na Nijeriya daga mai suke zuwa, saboda haka ran da mai ya yi atishawa naira ke kwanciya. Na uku, gwamnatocin Nijeriya sun sha cike giɓin kasafinsu da bashin Babban Banki, wanda daidai yake da jibgo wurin Zanzibar. Amma kada a ɗauka ƙarfin sefa alama ce ta wadata. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya, kuma masana da yawa a can suna ganin ɗaurin nan ya hana ƙasashensu ba manoma da masana'antu bashi mai sauƙi, ya kuma sa kayansu tsada a kasuwar waje.

ABIN DA YA SHAFI MANOMIN ƘAFIN MAIYAKI

A ɗauka, domin misali, ana sayar da buhun masara sefa dubu ashirin a Maraɗi. A canjin 2014 wannan naira 6,400 ke nan. A canjin 2024 kuwa naira 50,000. Ɗan kasuwar da ke da sefa yana iya taya buhu a Dawanau da farashin da ma'aikacin Kano ba zai iya ba, wannan tayi kuma shi ke gangarowa har Kwanar Ɗangora da Ƙafin Maiyaki. Manomin da ya adana hatsinsa zuwa bazara yakan ga kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. Amma taki da maganin feshi da kayan gyaran injin ban-ruwa duk da dalar Amurka ake shigo da su ko sinadaransu, sa'an nan bijimin huɗa da ragon layya da suka fito daga arewa da sefa aka yi musu kuɗi. Wanda ya sayar da kaka don biyan bashi, ya dawo yana awo da damina, shi ne yake ɗaukar asarar duka ba tare da ya ɗanɗani ribar ba.

Rufe iyaka bai taɓa warware wannan ba. An rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Kowane karo kaya sun ci gaba da bin hanyoyin daji, sai dai kuɗin hanya ya ƙaru, talaka na ɓangarorin biyu ya biya.

KAMMALAWA

Tarihin nan ya nuna cewa iyaka ta raba kuɗin Kano da na Maraɗi fiye da shekara ɗari, amma ba ta raba kasuwarsu ba, saboda haka duk abin da ya sami kuɗin ɗaya sai ya bayyana a tiyar ɗaya. Ƙarfin naira na 1980 bai amfani manomi ba, domin ya kashe masa kasuwa; rauninta na 2024 shi ma bai amfane shi ba, domin ya tsawwala masa taki. Abin da manomi da makiyayi da ɗan kasuwa suke bukata shi ne kuɗin da za a yi lissafi da su da shuka, a tarar da su kusa da yadda aka bar su da girbi. Samun haka ya rataya ne a kan gwamnati ta kame hannunta daga cin bashin Babban Banki, ƙasa kuma ta sami abin sayarwa a waje ban da mai. A matakin ƙauye kuwa, rumbun ajiya na haɗin gwiwa, da bashin da zai hana manomi sayarwa da kaka, da sanin farashin Dawanau da na canji kafin a ɗora buhu a mota, su ne garkuwar da ke kusa da hannun mutanen Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa.